Silo ya ƙi zama bayan juye: inda na kai da Corollar nan

'Yan'uwa masu koyon taɓa injin da hannunsu, ga inda aka kwana a kan maganar silo, wato gudun injin idan yana kunne ba a taka totur ba. Motar dai Corolla ce ƙirar 2006, mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8. An kai ta gareji aka yi juyen baƙin mai, aka busa matatar iska, yara suka kwance bakin injekta, wato maƙogwaron da iska ke shiga injin ta cikinsa, suka wanke. Tun daga ranar allurar silo ta daina zama. Ta hau 1,300, ta gangaro 900, ta sake hawa, in ka tsaya a danja ka taka birki sai ka ji motar tana neman fizgewa. Asalin silon wannan injin, idan ya yi zafi kuma ba a kunna komai ba, bai wuce 650 zuwa 750 ba.

Da na koma, shawara biyu aka ba ni. Ko a rage sukurun da ke jikin bakin injekta, ko in je Ƙofar Ruwa in samo wani ɗan Beljiyam a sa. Na ce, "Oga, a yi min haƙuri zuwa jibi." Dalilina shi ne motar lafiyarta ƙalau ta shiga garejin. Da wuya wani ƙarfe ya zaɓi daidai wannan ranar ya mutu. Abin bincike shi ne duk inda hannu ya taɓa, kuma wuraren ba su da yawa: batir, gidan matatar iska, babban tiyo, soket ɗin eyafulo (sensar da ke auna iska), bakin injekta da ƙananan tiyoyin da ke kewaye da shi. Sukurun nan kuwa ku bar shi. Daga kamfani aka saita shi, kuma a wannan ƙirar ba wayar totur ke buɗe marfin iskar da ke cikin bakin injekta ba, ƙaramar motar lantarki ce da kwamfutar injin ke juyawa. Ko ka murɗa, kwamfutar za ta yi ta kokawa da kai, ka ƙara wa kanka matsala ta biyu a kan ta farko.

Na fara da 'yar sikanar nan ELM327 da ake haɗawa da waya. Soket ɗinta mai baki 16 yana ƙasan sitiyari, kuma duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi. Lamba ɗaya ta fito, P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Da yawanmu nan muke tsayawa, a goge lamba, wutar cek ta mutu, a ce an gyara. Amfanin sikana na gaske yana cikin lambobin da ke motsi injin na aiki, musamman guda biyu, STFT da LTFT.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wannan ne ya buɗe min kai. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Eyafulo ke auna iskar da ta shigo, kwamfuta ta ba da fetur daidai da ita, sannan sensar da ke bakin salansa ta faɗa mata ko lissafin ya yi daidai. Idan bai yi ba, sai ta ƙara mai ko ta rage. Wannan ƙari da ragin su ne lambobin nan biyu, na farko na nan take, na biyu wanda ta haddace. In an haɗa su bai kamata su wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Tawa a silo ta haura 20. Da na taka totur na riƙe a 2,500, sai ta sauko kusan 5. Wannan saukowar ita ce amsar. A silo iskar da injin ke ja kaɗan ce, wajen giram 2 a sakan, don haka 'yar ƙaramar ɓaraka ma babban kaso ce a cikinta. Idan ka ba da wuta, iskar halak ta yi yawa ta shanye ta sata. Da eyafulo ne ya yi datti, akasin haka za a fi gani, lambar ta ƙara lalacewa yayin da kake ƙara wuta. Da wannan gwajin na minti biyu na cire eyafulo, famfon mai da nozul daga sahun farko na zargi.

Saura a gano ta ina iskar ke shiga. Wasu na fesa abin wanke kabureta a jikin injin su ji inda sauti zai canza. Yana aiki, amma ni ba na son fesa abu mai kama wuta kusa da kwayil da salansa mai zafi. Guntun tiyon ruwa na samu, tsawon hannu, na sa baki ɗaya a kunne, ɗayan ina yawo da shi a hankali ina kauce wa fanka da bel. A yawancin wurare gurnani kawai kake ji. Da na iso tiyon da ya taso daga PCV, bawul ɗin da ke fitar da hucin cikin injin, a saman murfin injin ya shiga manifol, sai na ji wani siririn fito. Ta sama tiyon lafiya lau. Sai da na juya shi da yatsa na ga tsaga a ƙasan bakinsa, tsawon farce, robar ta bushe ta yi ƙarfi, da alama an fizge shi ne da filaya lokacin kwance bakin injekta. Na danne tsagar da babban yatsa, nan take injin ya sassauta murya.

Ku lura da wurin ɓarakar, don yana canza alamar. Idan tana bayan marfin totur, kamar wannan, iska ta tsallake mai gadi ke nan, silo zai hau. Idan tana gabansa, misali a lanƙwasar babban tiyo ko an manta ba a ɗaure kilif ba, silo ba ya cika hawa, sai dai injin ya riƙa rawa yana neman mutuwa. Na duba nawa, kilif ɗin ma a sake yake, na ɗaure.

Sabon tiyo ya kashe hawa da saukar, amma allura ta tsaya wajen 950. Wannan kuma aikin wankin ne. Shekara da shekaru baƙin datti yana taruwa a gefen marfin yana toshe hanya, kwamfuta tana ƙara buɗe shi kaɗan-kaɗan tana haddacewa. Kamar ƙofar da ta cije da damina ce ka saba bankarta da kafaɗa, ranar da kafinta ya fere ta ka zo ka banka kamar kullum sai ka tsinci kanka a tsakiyar ɗaki. Na cire kan batir na nagetif na ɗan lokaci, na mayar, na tayar, na bar ta a silo babu esi, babu fitila, babu rediyo, sannan na zaga gari. Masu Honda, littafin gyaran motarku ya fi fayyace wannan: a riƙe injin a 3,000 har fanka ta tashi, sannan a bar shi a silo kamar minti 5 ba tare da wani nauyi ba. Masu Nissan kuma nasu tsarin daban ne, ku neme shi kafin ku yarda a wanke muku.

Yanzu tana zama kusan 800, lambar ƙarin mai kuma ta dawo ƙasa da 5. Ragowar hawan nan na san daga inda yake. Sikana ta nuna zafin ruwan injin ba ya kaiwa digiri 70 ko an yi tafiya, da safe ma ya fi haka sanyi. Na duba, fanka a haɗe take kai tsaye, da ka murɗa makulli take tashi, kuma babu tamostat a gidansa, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya bi shawarar da kowa ya sani, wai ƙasarmu da zafi. Ban yarda da ita ba. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne wajen 82, idan zafi ya ƙaru ya buɗe gaba ɗaya, don haka mai lafiya ba ya hana lagireto aikinsa ko a watan Afrilu. Abin da cire shi ke jawowa shi ne kwamfuta ta ɗauka har yanzu injin bai gama ɗumi ba, ta riƙe silo a sama tana ƙara mai. Ga fetur da tsadarsa.

Aikin da ke gabana ke nan: sabon tamostat da robarsa, a mayar da fanka kan rile ɗinta wajen mai wayarin, a wanke lagireto, a fitar da iska daga ruwan, sannan in sake cire batir ta koyi silo a zafinta na gaskiya. Wanda ya taɓa mayar da fankar wannan ƙirar, ya taimaka ya faɗa min a ina aka fi yanke wayar, kusa da akwatin fis ko a bakin soket ɗin fankar.