Jami'ar da ta fara a ɗakunan aro

A shekarata ta ƙarshe a Jami'ar Bayero, malamin da ke duba kundina ya ce in fara da tarihin kafuwar makarantar. Na ɗauka aikin kwana biyu ne.

Ni dai na taso na ga BUK da girmanta: tsohuwar makaranta wajen Kabuga, sabuwa can Rimin Gata kan titin Gwarzo, motoci na ta jigilar ɗalibai tsakaninsu. Sai nake ganin kamar da haƙoranta aka haife ta. Da na shiga tsofaffin takardu sai na tarar a 1960 wani ɗan sashe ce kawai a cikin Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni, ana ce mata Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 ta ɗauki sunan Sardauna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshenta. Digirin ma na Zariya ake bai wa ɗalibanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 1964, lokacin da aka kwashe ta zuwa tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano. Otal fa! Ɗakunan da aka gina don saukar baƙi, a nan aka riƙa ba da lacca, har sai 1968 da ta samu matsuguninta. Cikakkiyar jami'a kuwa sai 1977, bayan shekara 17 tana ƙarƙashin inuwar wasu.

A lokacin ni kuma na yi wata biyu ban rubuta ko layi ɗaya ba, wai ina jiran yayana ya aiko mini da kwamfuta. Ranar da malam ya tambayi babi na biyu, na sunkuyar da kai na ce, "Malam, kwamfuta nake jira." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Su waɗanda kake rubuta tarihinsu, gini suka jira?"

Kunya ta hana ni amsa. Da la'asar na sayi littafin rubutu da biro biyu, na zauna ƙarƙashin wata darbejiya na fara. Da hannu na rubuta babi uku, ina kai wa mai buga takardu shafi-shafi gwargwadon kuɗin aljihuna.

Kwamfutar ta iso mako biyu bayan na miƙa kundin.