Hannu a kan tebur, ido a kan gilashi

Sama da shekara 30 ina rubuta allon shago a Kumasi. A Aboabo na koyi aikin, wurin maigidana, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko ban taɓa fenti ba, sai wanke buroshi da kananzir, da shafa wa zare alli a ja shi a sake shi a kan katako don layi ya miƙe. A lokacin aiki bai yankewa: shagon aski, teburin mai waakye (shinkafa da wake), bayan trotro (motar haya), ga kuma hotunan finafinan bidiyo da ake zanawa a kan buhun fulawa, a ɗinke biyu su zama ɗaya.

Da injinan buga bana, wato babban ƙyallen talla ko sanarwa, suka cika unguwar Asafo, kasuwarmu ta faɗi. Abin da zan yi kwana 4 a kansa, yaro zai haɗa shi da safe a kwamfuta, kafin la'asar an rataye. Na daɗe ina fushi da injin nan. Bara dai ɗan ƙanwata ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa da allon zane na Wacom, irin wanda ba shi da gilashi, ya saka mini Krita, manhajar zane da ake saukewa kyauta.

Wahalar farko ita ce raba ido da hannu. Tun ina yaro, inda bakin buroshi yake nan idona yake. Yanzu hannu na kan tebur, layin kuma yana fitowa can a gilashin kwamfuta. Yaron nan ya yi ta maimaita mini: "Kawu, daina kallon hannunka, kalli sama." Mako 3 na yi ina zana da'ira da miƙaƙƙen layi bayan sallar isha'i, kamar yadda na yi lokacin da nake koyon aiki. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne alƙalamin yana jin nauyin hannu. In ka danna, layin ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. Wannan kam hannuna ya riga ya san shi.

Na yaba da aikin falle-falle, wato ka ajiye zanen fensir a falle ɗaya, launi a wani, rubutu a wani, ka gyara ɗaya ba ka taɓa sauran ba. Maɓallin komawa baya kuwa, Ctrl da Z, har yau ina taka-tsantsan da shi. Mai fentin mai yana tunani kafin ya ɗora buroshi, don kuskure ɗaya na iya cin yini guda. Na lura ina jan layi sau 10 ina gogewa ba tare da na tsaya na duba ba. Shi ya sa yanzu nake fara zanen a takarda, in ɗauke shi da waya, sannan in shigar da shi kwamfuta.

Launi ne ya fi ba ni ciwon kai. Wata Islamiyya a Asawase ta ba ni aikin banar walimar saukar Alƙur'ani. Na zaɓi wani kore mai sheƙi, ya yi kyau ƙwarai a kwamfuta. Da aka bugo, sai ya fito a dushe kamar ganyen da ya kwana. Mai injin ya zaunar da ni ya yi mini bayani: gilashi da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Inji kuwa tawada 4 yake zubawa, CMYK, kuma akwai kore da shuɗin da haske ke iya nunawa amma tawada ba ta kai su. Nan take na gane, ai fenti ma haka yake, launinsa a gwangwani daban, bayan ya bushe daban. Na biya aka sake bugawa daga aljihuna. Tun ranar ba na yarda a buga babba sai an fitar mini da ɗan yanki na gani a hasken rana.

Amma ga abin da ya sa na ci gaba. Haruffan Larabcin da yaran ɗab'i ke amfani da su duk irin na littattafan gabas ne. Mu kuwa a makarantun allo na Zongo da rubutunmu muka tashi, mai kauri, mai zagaye, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ban ga mai irin wannan rubutun a wuraren da nake kai aiki ba. Sai na daidaita wani buroshi a Krita, na yanke bakinsa a karkace kamar alƙalamin kara, na rubuta ayar da hannuna, na kewaye ta da zayyana irin ta allon sauka, ja da rawaya da kore.

Ranar walima ina tsaye a gefen rumfa, sai wani dattijon malami ya matso jikin banar, ya daɗe yana bin haruffan da yatsa. Ya tambayi wanda ya rubuta, aka nuna ni. Ya ce, "Malam, a ina ka yi karatu?" Na faɗa masa. Ya ce jikokinsa 2 za su sauke bayan Sallah Babba, yana son irin wannan rubutun, amma a takarda, wadda za a sa a gilashi a rataye a ɗaki. Jiya na gama ta farko, gobe zan kai Asafo a fitar mini da gwaji.