Ban tambayi naman wace dabba ba na tafi Worthington

Tambaya ɗaya tak ban yi ba, ita ta cinye mini kuɗin da na tara a wata bakwai. Wani abokin zamana a Miniyafolis ne ya ce akwai aiki a masana'antar nama a Worthington, can kudu maso yammacin jihar Minisota ta Amurka, albashin ya fi na gadin da nake yi, haya kuma da sauƙi. Ina jin an ce nama sai hankalina ya tafi kan shanu. Ɗan mahauci ne ni, me kuma zan tambaya? Na sa hannu a takardar haya ta shekara guda, na biya kuɗin ajiya da na watan farko, na ɗaure kaya.

Ran da na je cike takardu, tun daga bakin ƙofa na ga tireloli suna shiga, na ji kukan abin da suka ɗauko. Aladu ne. Kusan 20,000 ake yankawa a rana, ma'aikata sun haura 2,000, a garin da ƙidayar 2020 ta ce mutum 13,947 ne. Na daɗe a tsaye kafin na juya.

Wanda bai zauna a irin garin nan ba, ba zai gane nauyin wannan juyawar ba. A babban birni in ka bar aiki, gobe ka samu wani. A nan masana'antar ita ce uwar garin. Ita ta kawo 'yan Meziko da Gwatamala, da 'yan ƙabilar Karen daga Bama, da 'yan Lawos da Habasha da Sudan. Kantunan tsakiyar gari nasu ne, mai gidan haya ma da albashinta yake lissafi. Abin da ya rage shi ne gonakin masara da waken suya, da makarantu, da asibiti, da gidajen kula da tsofaffi, kowanne yana neman takardar shaida ko sanayya, ni kuwa ba ko ɗaya.

Mai gidan ya ce: "Kai ka sa hannu." Gaskiyarsa. Sati shida ina cin abin da na tara kafin na samu aikin jera kaya da dare a wani kanti, albashin bai kai na masana'antar ba. Ga shi ban zo da mota ba, dole na ci bashi na sayi wata tsohuwa, don sanyin Janairu a nan ba a tafiyar ƙafa a cikinsa. Da ita nake zuwa birnin Sioux Falls, tafiyar kusan awa guda, in yi Juma'a in sayo naman halal.

Garin bai yi mini laifin komai ba. Da rani ina zama bakin tafkin Okabena, a Satumba kuma ina kallon bikin da ake tseren talo-talo tsakanin na garin da na Cuero ta jihar Tekzas, har dariya nake yi. Amma duk wanda ya kira ni yana neman hanya, kafin ya gama gaisuwa nake cewa: "Malam, tambayi me ake yankawa, ka je ka gani da idonka, kar ka sa hannu a haya sai an ba ka ranar fara aiki."

Abokin nan nawa da na kira shi ina huci, cewa ya yi: "Ai ba ka tambaya ba." Sauran wata huɗu hayar ta ƙare.