Gida huɗu a cikin baka biyu

Ƙanwata tana shirin zana jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, a nan Garwa, don haka bayan sallar isha'i nakan zauna da ita da wasu yaran unguwa mu yi bitar lissafi. Inda suka fi tuntuɓe shi ne buɗe baka biyu a aljabara, irin (x + 3)(x + 5). Ƙa'idar a bakinsu take: kowane abu na bakan farko sai ya ninka kowane abu na baka na biyu. Amma da an zo aiki sai su ninka x da x, su ninka 3 da 5, su rubuta x² + 15, su ajiye biro.

Maimaita ƙa'ida bai yi magani ba. Sai na ɗauki alli na zana fili a jikin ƙofar zaure, tsawonsa x + 5, faɗinsa x + 3, na tsaga shi gida huɗu. Na ce kowa ya faɗi girman gida ɗaya. Aka samu x², da 5x, da 3x, da 15. Ƙanwata ta ɗora yatsa a kan gidajen nan biyu na gefe ta ce, "Yaya, ashe waɗannan nake zubarwa." Amsa ta fito x² + 8x + 15.

Na kuma sa su gwada da lamba. In x ya zama 2, 5 sau 7 ya ba da 35. Amsar gaskiya ma 35 take bayarwa, waccan kuwa 19. Yaro ba ya musu da abin da ya ƙirga da hannunsa.

Alamar ɗebewa ce ta fi ba mu aiki. A (x − 4)(x + 6) dole 4 ya tafi da alamarsa duk inda za shi: x² + 6x − 4x − 24, wato x² + 2x − 24.

Ni dai ban yarda a fara ba yaro haddar (a + b)² = a² + 2ab + b² kafin ya ga gidajen nan da idonsa ba, domin 2ab ne yake fara ɓacewa a kansa. Yanzu in na ce musu 48 sau 52, sai su mayar da shi (50 − 2)(50 + 2), na tsakiya, wato +100 da −100, su cinye juna, su ce 2500 a cire 4, saura 2496.