Wa ya biya bashin sayen Budweiser?

A watan Yunin 2008 wani kamfanin giya mai suna InBev, wanda hedikwatarsa ke garin Leuven a Beljiyam, ya aika wa Anheuser-Busch takarda cewa yana so ya saye shi ɗungurungum, dala 65 kowane hannun jari. Anheuser-Busch kuwa shi ne mai Budweiser, giyar da ake yi tun 1876, kuma a lokacin kusan rabin giyar da ake sha a Amurka daga wajensa take fitowa. Ai kuwa sai garin St. Louis na jihar Missouri, inda hedikwatar Anheuser-Busch take, ya ɗau zafi. Aka buɗe shafi a intanet ana tattara sa hannu wai a ceci kamfanin, gwamnan jihar Missouri Matt Blunt ya fito ya ce shi bai yarda ba, Sanata Claire McCaskill ma haka, har Barack Obama da yake tsakiyar yawon kamfe sai da ya ce abin takaici ne kamfanin ya koma hannun baƙi. Wajen wata guda ana wannan hayaniyar, sai InBev ya ƙara dala 5 a kai ya zama 70, jimilla dala biliyan 52, shikenan daraktoci suka sa hannu, a watan Nuwamba masu hannun jari suka kaɗa ƙuri'a aka rufe ciniki.

Wannan labarin malaminmu ya ɗora mana a kwas ɗin harkar kasuwanci, ya ce mu je mu bi diddiginsa. Wasu a ajin har sun ɗan ɓata rai, wai a rasa abin da za a ba mu sai kamfanin giya. Ni ma ba abin da ya haɗa ni da ita, amma Malam ya ce ba kwalbar ya aike mu kallo ba, mutanen da ke karɓar albashi a ƙarshen wata ya ce mu kalla, kuma gaskiya da na nutsa cikin karatun sai na ga da wuya a samu wata harka da take nuna yadda dunƙulewar kasuwar duniya ke taɓa ma'aikaci ƙarara kamar wannan, saboda kamfanonin giya a Turai da Amurka yawanci da sunan gari aka san su, uba ya yi aiki a ciki ɗa ya gada, jika ma yana jiran nasa lokacin.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne duk wannan ihun da ake na "kamfaninmu, kamfaninmu", ashe iyalan Busch ɗin da sunansu ke jikin gini abin da suka mallaka bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. Kamfanin zuba jari na Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett ma ya fi su. August Busch IV yana kan kujerar shugaba, amma ba shi da ƙuri'ar da zai hana komai. Sauran hannun jarin yana hannun asusun fansho da manyan kamfanonin zuba jari, su kuma ba ruwansu da tarihin garin St. Louis, abin da suka gani kawai shi ne hannun jarin ya daɗe yana tsaye waje ɗaya ga wani ya zo da tsabar kuɗi. Wato tun kafin baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa gidan ya riga ya fita daga hannun masu sunan.

Shi kansa baƙon ma ba a gama sanin ɗan ina ne ba. A takarda ɗan Beljiyam ne, amma masu juya shi 'yan Brazil ne. Jorge Paulo Lemann da Marcel Telles da Carlos Alberto Sicupira sun sayi kamfanin giyar Brazil mai suna Brahma a 1989, suka haɗe shi da wani kamfanin giyar ƙasar mai suna Antarctica a 1999 aka samu AmBev, a 2004 AmBev ya haɗe da Interbrew na Beljiyam aka samu InBev, Carlos Brito kuma, shi ma ɗan Brazil, shi ne shugaba lokacin da aka haɗiye Anheuser-Busch. Su 'yan banki ne tun asali, lissafi suka iya.

To nan ne inda na fi daɗewa, kuma nan ne nake ganin ainihin darasin yake. InBev ba shi da dala biliyan 52 a aljihu. Rance ya ci, dala biliyan 45 daga bankuna, kuma tsakanin sa hannu a watan Yuli da rufe ciniki a Nuwamba sai bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumba, kasuwar kuɗi ta duniya ta rikice. Ka ga kenan ga bashi kamar dutse, ga kuɗin ruwa na tafiya kullum, ga bankuna sun tsorata. Daga ina za a biya? Mashaya ba za su ninka shan da suke yi ba don kawai an canza mai kamfani. Dole daga cikin kamfanin da aka saya za a tatso kuɗin da aka saye shi da su, wannan abin har yau in na tuna sai na girgiza kai. Ko wata guda ba a cika da rufe ciniki ba, a Disamba 2008, aka sanar da sallamar ma'aikatan ofis 1,400 a Amurka, wajen kashi 75 cikin 100 nasu a St. Louis suke, ana dab da Kirsimeti. A 2009 aka sayar wa kamfanin zuba jari na Blackstone wuraren shaƙatawa na SeaWorld da Busch Gardens, aka sayar wa wani kamfanin zuba jarin mai suna KKR da kamfanin giyar Oriental Brewery na Koriya ta Kudu a kan dala biliyan 1.8 (wanda daga baya a 2014 suka sake sayensa a kan biliyan 5.8, su ma ba kullum suke cin riba a lissafin nasu ba). Aka rushe ofisoshin manya aka zuba kowa a babban ɗaki ɗaya, jiragen saman kamfani aka sa su a kasuwa. Aka kawo tsarin kasafin da kowace shekara daga sifili ake farawa, ba a cewa bara an ba sashenka kaza don haka bana ma kaza, sai ka kawo hujjar kowane kuɗi da za ka kashe daga farko. Sannan aka ce wa 'yan kwangila da masu kawo kaya su jira har kwana 120 kafin a biya su. Wannan na ƙarshen ba ya fitowa a ƙididdigar waɗanda aka kora, amma ƙaramin kamfanin buga takardu ko na talla da zai yi wata huɗu bai ga kuɗinsa ba, wa kake jin zai fara ragewa? Masu hannun jari sun kwashi dala 70 ɗinsu sun yi gaba, manyan shugabanni sun tafi da makudan kuɗin sallama. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai wata 'yar ajinmu da ta tsaya kai da fata cewa mu daina yi wa tsohon kamfanin kuka, kuma tana da gaskiyarta. Anheuser-Busch ya yi ƙiba, manyansa suna yawo a jiragen kamfani, ana kashe kuɗi ba lissafi, kuma ya zauna ya dogara da kasuwar Amurka alhali abokan hamayya suna ta sayen kamfanoni a duniya. Da InBev ya taso musu, makamin da su kansu suka ɗauko don kare kai shi ne wani shirin rage kashe kuɗi na dala biliyan 1 da suka sa wa suna Blue Ocean, wanda shi ma rage ma'aikatan ofis ne a cikinsa. Wato ko da ciniki bai faɗa ba wuƙar tana nan tafe, sai dai hannun da zai riƙe ta ya bambanta. Sai kuma ta jefo maganar Rolling Rock, ajin ya yi tsit. Giya ce da ake yi a ƙaramin garin Latrobe na jihar Pennsylvania tun 1939. A 2006 Anheuser-Busch ɗin nan dai, ɗan gida, ɗan Amurka, ya sayi sunanta a kan dala miliyan 82, ya ce ba ya buƙatar masana'antar, ya kwashe aikin ya kai Newark a New Jersey, mutanen Latrobe suka yi ta roƙo ba wanda ya saurare su. Wanda ya sayar masa kuwa InBev ne. Shekara biyu kacal tsakani.

Tun daga nan na daina ɗaukar fasfon mai saye a matsayin babbar tambaya. In na ji an ce wani kamfani zai sayi wani, abin da nake fara nema a labarin shi ne da kuɗin wa za a biya, nasa ne ko rance, sai kuma adadin da ya yi wa masu zuba jari alkawarin zai "tsimi" bayan haɗewar, don wannan tsimin galibi albashin wasu ne da ba su san an riga an lissafa da su ba.

Kuma abin da ake saye ɗin sunan ne. InBev ya rufe masana'antar Boddingtons ta Strangeways a Manchester a 2005 aka ci gaba da sayar da giyar da sunanta. Newcastle Brown Ale, bayan Heineken da Carlsberg sun raba Scottish & Newcastle a 2008, ta bar yankin Newcastle ta koma Tadcaster a 2010. Beck's da kowa ya sani da garin Bremen na Jamus, daga 2012 a St. Louis ake yin wadda ake sayarwa a Amurka, har sai da masu saye suka kai ƙara kotu aka yi sulhu a 2015. A bazarar 2016 kuma aka cire sunan Budweiser daga jikin gwangwani aka rubuta America, kamfanin da hedikwatarsa ke Leuven fa. Kishin ƙasar da mutane suka fito titi dominsa shi ma ya zama kayan talla.

Amma ba kowa wuƙar ta yanka ba, kuma wannan ɓangaren ne na fi amfana da shi a matsayina na wanda shi ma albashi zai rayu da shi. Ma'aikatan cikin masana'anta, masu kula da tukwane da injinan cika kwalba, suna ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, kuma a 2008 ɗin suka samu yarjejeniyar shekara 5 da aka rubuta a cikinta cewa masana'antu 12 na Amurka za su ci gaba da aiki tsawon wa'adin. Su ba a taɓa su a sallamar Disamba ba. Waɗanda aka kwashe su ne masu ɗaura lakataye, masu digiri, 'yan sashen talla da lissafi da kwamfuta, waɗanda suke ganin sun fi ƙarfin shiga ƙungiya, wasunsu sun yi shekara ashirin talatin suna tunanin kamfani gida ne. Amana suka dogara da ita, amanar kuma ta wani ce da ya riga ya sayar ya tafi. A Beljiyam, a can gidan kamfanin, da aka sanar a Janairun 2010 za a rage wajen kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan Yammacin Turai, ma'aikata suka toshe ƙofofin masana'antun Leuven da Jupille da Hoegaarden wajen mako biyu, kantuna suka fara ƙarewa da kaya, kamfani ya janye ya koma teburin tattaunawa. Ita Hoegaarden ɗin ma tun 2005 aka ce za a kwashe aikinta a kai Jupille, mutanen gari suka yi zanga-zanga, can ɗin ma aikin bai tafi yadda ake so ba, a 2007 aka ce a dawo da shi. A Ostireliya ma a 2016 an sallami masu gyaran injina 55 a masana'antar Carlton & United ta Melbourne aka ce su sake neman aikinsu a kan albashi ƙasa sosai, suka kafa tanti a bakin ƙofa, jama'a suka ƙaurace wa kayan kamfanin, bayan wajen wata shida aka mayar da su a kan albashinsu na da.

Ba ina cewa ƙungiya maganin komai ba ce fa, yarjejeniya tana da wa'adi, injina na ci gaba da cinye ayyuka ko da baƙo ko ba baƙo, kuma shan giya irin su Budweiser yana raguwa a Amurka tun kafin a yi wannan cinikin. Sai dai a duk misalan da na bi, wanda ya tsira wani abu ne a rubuce ya tsirar da shi ko kuma ikon tsayar da aiki, ban ga inda jawabin ɗan siyasa ko sa hannun intanet ya ajiye wa mutum ɗaya aikinsa ba.

Gwamnati ma tana iya wannan rubutun in ta ga dama, kuma misalin da ya fi burge ni daga Afirka ta Kudu ya fito. A 2016 AB InBev, wato sunan kamfanin bayan haɗewar InBev da Anheuser-Busch, ya sayi SABMiller, kamfanin giyar da tushensa yake Afirka ta Kudu, a kan kuɗi sama da dala biliyan 100. SAB ɗin nan ma ba wai tsarkakakke ba ne, shi ya sayi Miller na Amurka a 2002 ya sayi Foster's na Ostireliya a 2011, yanzu kuma ranarsa ta zo. Gwamnatin Afirka ta Kudu ba ta tsaya ihun tuta ba, ministan raya tattalin arziki Ebrahim Patel ya zauna da su aka rubuta sharuɗɗa kafin hukumar kula da gasar kasuwanci ta amince: ba za a kori kowa dole ba saboda wannan haɗewar, za a riƙe adadin ma'aikatan dindindin na tsawon shekara 5, kuma kamfani zai zuba rand biliyan 1 don tallafa wa manoma da ƙananan masana'antu. Kamfani ya sa hannu, don yana son cinikin. A St. Louis kuwa gwamna da sanatoci sun yi ta magana a talabijin, abin da hukumomin tarayya suka duba kawai shi ne ko cinikin zai cuci masu saye a farashi, har suka sa aka sayar da harkar giyar Labatt a Amurka, maganar ma'aikata ba ta cikin abin da dokar ta ce su duba.

Duk da haka a takardun cinikin SABMiller ɗin AB InBev ya rubuta cewa zai rage wajen kashi 3 cikin 100 na ma'aikatan haɗaɗɗen kamfanin, mutum 5,500 kenan ko kusa da haka. Afirka ta Kudu ta kulle tata ƙofar, to dole a wani wajen za a nemo adadin, kuma cikin wuraren da abin ya fara faɗawa har da hedikwatar SABMiller ta Landan, 'yan ofis dai kuma.