Inda na ajiye kwamfutoci a ɗakin gwajin fiziks

Ɗakin gwaje-gwajen da nake koyarwa a ciki tebura takwas ne, kowanne ɗalibai huɗu. An gina shi tun kafin a yi tunanin wata rana kwamfuta za ta shigo, don haka da aka kawo su, wurin ajiyewa ne ya zama aiki.

Gwajin fiziks yana cin tsawo. Layin da ake gangaro da 'yar mota a kansa ya haura mita ɗaya, wani ma ya wuce biyu. Sandar gwajin haske mita ɗaya ce cur. Ga kuma na'urar auna motsi, wadda ke harba sautin da kunne ba ya ji ta jira dawowarsa. Ita fili take so a gabanta. Ka ɗora allon kwamfuta kusa da layin, sai ta ɗauka shi ne motar, zanen motsin motar a kan allo ya fito a miƙe alhali mota na ta gudu, yara su yi cirko-cirko suna kallonka.

Saboda haka na hana kwamfuta hawa teburi. Yawancin alluna suna da ramukan noti huɗu a baya, tsarin da ake kira VESA, tazararsu milimita 75 ko 100. Da su muka ɗaure kowane allo a kan hannun ƙarfe mai lanƙwasuwa a jikin bango. In ana buƙata a jawo, in an gama a tura. Akwatin kwamfutar kuma muka rataye shi a ƙarƙashin teburi, ɓangaren da ba famfo, bai taɓa ƙasa ba, don ranar gwajin zafi sai ruwa ya zube. Injin Van de Graaff kuwa, mai tara wutar lantarki har ta yi tartsatsi, can kusurwa muka kai shi, tartsatsinsa ba ya shiri da kayan lantarki.

Hukumar makaranta ta so kowane ɗalibi da tasa kwamfutar. Ban goyi baya ba, kuma ba don ƙarancin wuri kaɗai ba. Ɗaya ta ishi mutum huɗu: wannan ya saki mota, wancan ya danna, na uku ya rubuta, na huɗu ya yi gardama. In kowa na da allo, ba mai kallon motar.

Gwajin kwaikwayo a kan kwamfuta irin na shirin PhET, wanda masanin fiziks Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana da amfani sosai, amma ɗakin kwamfuta nake kai su don yin sa, tunda ba ya buƙatar famfo ko ma'auni. Wani aikin ma wayar hannu ta wadatar. Manhajar phyphox ta Jami'ar RWTH Aachen a Jamus tana amfani da na'urorin cikin wayar ta auna kaɗawar lilo.

Abin da ya rage mini yanzu soket ne. Biyu ne a kowane teburi, allo da akwati sun cinye, ga na'urar ba da wuta ta gwajin lantarki tana jira. Na rubuta a ƙaro biyu a bango, sama da tsayin teburin, don waya a ƙasa tarkon ƙafa ce.