Tayoyin da na ƙi saye a kan lokaci

Na zo hutu Tawa cikin wannan hunturu. Kowace safiya in na ga mutane sun kewaye wuta a ƙofar gida suna kukan ɗari, sai hankalina ya koma kan wata gada a jihar Kebek ta ƙasar Kanada. Har yau abin yana ci mini rai.

Shekarata ta farko ke nan da mota a can. Doka ta ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole mota ta sa tayoyin sanyi, masu tambarin dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefe. Ni kuwa na ɗauki 1 ga Disamba tamkar ranar ce ƙanƙara za ta soma. Kuɗin suna hannuna tun tsakiyar Nuwamba, sai bikin ƙanwata ya taso, na turo su gida, na ce in albashi ya shigo na saya. Wani ɗan Yamai da muke aiki tare ya ja ni gefe: "Ɗan'uwa, kada ka jira doka. Da zarar awon sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, robar tayarka ta taurare, ba ta kama hanya." Na ce masa wanda ya koyi tuƙi cikin rairayin hanyar Abalak, santsi ba ya ba shi tsoro.

Saura kwana huɗu Disamba ta kama, na fito da asuba. Hanya baƙa wuluk, ka rantse busasshiyar kwalta ce. Ashe ƙanƙara ce siririya mai kama da gilashi ta lulluɓe ta, kuma gada ke fara daskarewa, don iska na bi ta samanta da ƙarƙashinta. Ina hawa, ƙarar taya ta ɗauke ɗif, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Maimakon in ɗaga ƙafa daga totur in riƙe sitiyari a hankali, sai na danna birki na fizge shi. Motar ta juya, bayanta ya daki ƙarfen gada, ni dai salati kawai nake yi.

Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane ban yi ba. Amma kuɗin janwe da gyara sun ninka na tayoyin nan sau uku, ga mako uku ina jiran bas cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Da Inna ta ji labari a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Haba ɗana, da ka faɗa mini, ai da an rage kayan ɗakin." Wannan magana ta fi kuɗin yi mini ciwo. Mako biyu kacal na so in ci, mako biyu!

Cikin Fabrairu abokin nan ya kai ni Roberval, bakin tafkin Sen-Jan, inda ake jera ƴan bukkoki a kan ruwan da ya daskare, ana huda rami ana kamun kifi. Ka ɗauka tafkin Tabalak ne ya sandare har yara na guje-guje a tsakiyarsa. Na tsaya a gaɓa na ƙi takawa. Wani dattijo ya nuna mini kaurin ƙanƙarar a bakin raminsa, ya fi kamu biyu, ya ce mai shuɗi garau ita ce mai ƙarfi, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, a guje ta. Sannan na taka, gabana na faɗuwa. Ta ɗauke mu duka, alhali wadda ta juya ni a gada ko kaurin farce ba ta kai ba.

Bana tun Oktoba na sa tayoyin, kafin ma in sayi tikitin zuwa gida. Ƙanena da ke shirin tafiya karatu can ya ce, "Yaya, ai doka ta ce Disamba." Na zaunar da shi a tabarmar Inna, na buɗe waya na nuna masa hoton bayan motar.